Ra'ayinmu: Ɗalibin Injiniya Ya Fara Sanin Inda Nauyi Ke Sauka

Duk wanda ya shiga karatun injiniya, na gine-gine ne ko na kanikanci ko na noma, akwai wani kwas da ke jiran sa tun bai gama sanin lungunan makaranta ba. A jami'o'inmu galibi a aji biyu ake haɗuwa da shi, a kwalejojin kimiyya da fasaha kuma tun a matakin difloma. Statiks ke nan, ilimin yadda nauyi da ƙarfi ke daidaita a jikin abin da ke tsaye wuri ɗaya: gada, rufin ɗaki, ƙugiyar da ake ɗaga injin mota da ita a gareji, tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe. Ƙa'idojinsa ba su cika shafi guda ba, amma ya yi ƙaurin suna wajen kayar da ɗalibai, da yawa sai sun maimaita jarrabawarsa kafin su tsallake. Yanzu kuma wata tambaya ta fara yawo a bakin ɗalibai, har da wasu malamai. Tunda manhajar kwamfuta tana lissafa bene mai hawa goma cikin 'yan mintuna, wayar da ke aljihun yaro kuma tana warware masa tambayar littafi kafin ya gama feƙe fensir, don me za a ci gaba da cinye zango guda ana zana kibiyoyi da hannu?

Tambayar tana kan hanya, kuma ba da tsawa za a amsa ta ba. Sai dai kafin a yanke hukunci, gara mai karatu ya ga abin da ake jayayya a kai.

Ƙa'ida biyu ce ke riƙe da kwas ɗin. In abu yana tsaye bai motsa ba, duk ƙarfin da ke tura shi ta wani gefe akwai wanda ke tare shi daidai wa daida. Duk kuma abin da ke neman juya shi ko kifar da shi, akwai wanda ke hanawa. A kan takarda lissafi uku ke nan: na sama da ƙasa, na hagu da dama, da na juyi. Ɗauki tankin ruwa mai cin lita 1,000, irin wanda ke kan gidaje ko'ina a Kano da Kaduna. In ya cika, ruwan kaɗai tan ɗaya ne. A ɗora shi a kan ƙarfe mai tsawon mita huɗu da aka gitta tsakanin bango biyu. Yana tsakiya, kowane bango kilo 500 ne rabonsa. Sai maigida ya ce a matsa da shi kusa da banɗaki don a rage kuɗin bututu, aka ajiye shi mita ɗaya daga bangon gabas. Ko cokali ɗaya ba a ƙara a ruwan ba, amma bangon gabas ya koma ɗaukar kilo 750, na yamma 250. In aka yi rashin sa'a saitin wurin taga ce mai siririyar linta, to magana ta canza. Ido ba ya kama wannan sauyi, amma lissafin layi biyu yana fito da shi fili.

Ko a duba barandar bene, wadda ta leƙo waje ba fila a ƙarƙashinta. Bim ɗin da ke zaune a kan fila biyu ta ƙasa yake son tsagewa, shi ya sa manyan rodinsa suke ƙasa. Ita kuwa baranda gefe ɗaya aka riƙe ta, ta sama take son darewa, don haka rodinta sama ya kamata ya zauna. Ranar zuba dakin, leburori na ta kai da komo da kwanon kankare a ka, suna tattake rodin yana lotsawa ƙasa. In mai duba aikin bai san dalilin ɗaga rodin ba, ba zai ce a dakata a gyara ba, don a ganinsa ai ƙarfe na ciki. Ranar da aka cire katakon tokare ko aka taru a kan barandar kallon biki, a ranar za a gane. Sanin wannan dalili daga statiks yake somawa.

Masu cewa a rage wa kwas ɗin matsayi suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi. Akwai batun lokaci. Shekara biyar ake karatun injiniya a jami'a, a ciki har da watannin koyon aiki a ma'aikatu, ga yajin aiki da ke tsuke zango, irin na 2022 da ya ci wata takwas. A Disambar shekarar ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari ta bar wa kowace jami'a 30. Kowa yana son a cusa nasa: rubuta manhaja, koyon sana'a, lantarkin hasken rana. Duk awar da aka ba zanen hannu, wani darasi aka hana. Akwai kuma kasuwar aiki. Kamfanin da zai ɗauki sabon injiniya abin da yake tambaya shi ne ya iya AutoCAD, ya iya STAAD ko Orion. Ba wanda zai zauna yau ya lissafa rufin ƙarfe mai sanduna sittin gaɓa bayan gaɓa, in ma ya yi, shi ya fi na'urar kusa da kuskure.

Hujjarsu ta ƙarshe ta fi ɗaci. Suka ce gine-ginen da ke rushewa a ƙasar nan ba tuntuɓen lissafi ke kayar da su ba. Ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya zube, ya kashe sama da mutum 40, kuma tun a Fabrairun 2020 kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta takardar janyewa, aka ci gaba da gini. Abin da ake yawan tararwa bayan irin waɗannan masifu sananne ne: an tsuke siminti, an rage kaurin rodi, an ƙara hawa a kan harsashin da ba don shi aka yi ba, ko kuma babu injiniya a wurin sam, daga birkila sai mai kuɗi. To, in ji su, ƙara wa yaro wahala a aji ba zai hana mai kuɗi yin abin da ya ga dama ba.

Wannan gaskiya ce, mun karɓa. Statiks ba ya maganin son zuciya, kuma duk wanda ya ce gyara kwas ɗaya zai kawo ƙarshen rushewar gini ya cika baki. Amma injiniyan da zai iya duban mai kuɗi ido cikin ido ya ce masa, "Alhaji, hawa ɗaya ba za a ƙara a nan ba," sai wanda ya san ta ina nauyin zai bi ya sauka ƙasa, ya kuma san filar da za ta fara gajiya. Wanda bai sani ba ko yana da tsoron Allah ba shi da abin faɗa, sai ya yi shiru ya sa hannu.

Akwai kuma lokutan da ba ha'incin kayan aiki ne ya yi kisa ba, ƙaramin lissafi ne aka tsallake. Ranar 17 ga Yuli, 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a jihar Missouri ta Amurka, ana tsaka da rawa a babban zaure, wasu gadojin ƙafa biyu da aka rataye daga rufi, ɗaya saitin hawa na huɗu ɗaya saitin na biyu, suka rikito kan jama'a. Mutum 114 suka mutu, sama da 200 suka jikkata. A zanen farko, sandar ƙarfe doguwa guda ce za ta sauko daga rufi, ta ratsa gadar sama, ta zarce zuwa ta ƙasa, kowace gada tana zaune a kan notinta. Masu ƙera ƙarfen suka ga haɗawar za ta yi wuya, suka nemi a raba sandar gida biyu: ɗaya ta riƙe gadar sama daga rufi, ɗayar ta rataye gadar ƙasa a jikin ta sama. Aka amince musu. A ido kamar ba a taɓa komai ba. Amma ka tuna masu yasar rijiya biyu a igiya guda. In kowa ya damƙi igiyar da hannunsa, kowa nauyin kansa yake ɗauke da shi. In na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama, hannun na sama ne zai ɗauki mutum biyu. Haka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka, ƙarfen ya yage, ya zame ta kan notin. Bincike ya nuna zanen farkon ma bai cika ƙa'idar ginin birnin ba, daga baya kuma aka karɓe lasisin injiniyoyin da suka sa hannu. Ɗalibin aji biyu da ya iya keɓe wannan mahaɗa a takarda ya zana kibiyoyin da ke kanta zai ga ninkin kafin shayinsa ya huce. Ba a zana ba.

Masu cewa kwamfuta ta wadatar kuma su leƙa Norway. Ranar 23 ga Agusta, 1991, katafaren gindin kankare da aka gina wa dandalin haƙar mai da gas na Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger ana cikin gwada shi. Ba a rasa rai ba, amma an ƙiyasta asarar kusan dala miliyan 700. Ƙwararru ne suka yi aikin, da manhaja mai tsada. Yadda aka shigar da siffar ginin cikin kwamfutar ne ya sa ta rage ƙarfin da ke neman tsaga wani sashen bango da kashi 47 cikin ɗari, sai aka yi bangon bai kai yadda ya kamata ba. Na'urar ta amsa abin da aka tambaye ta daidai, tambayar ce ta karkace.

A nan ne muke ganin hujjar kasuwar aiki ta juya wa masu ita baya. Duk manhajar da za ka buɗe, kafin ta yi maka komai sai ta tambaye ka: gindin wannan fila a kafe yake ko yana iya juyawa? Wannan bim a kan me ya dogara? Wane lodi ne a kansa, daga ina, ya fuskanci ina? Amsar waɗannan ita ce ainihin zanen da ake koya wa ɗalibi a makon farko, wanda suke kira FBD, wato a cire abu shi kaɗai daga cikin gini a nuna duk ƙarfin da ke taɓa shi. Wanda bai iya shi da fensir ba zai danna abin da ya fara gani, ya sami shafuka masu launi da lambobi har wuri shida bayan ɗigo, ya ɗauka ya gama. Haka abin yake da ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT: takan ba da amsar daidai, takan kuma ba da ta kuskure da murya iri ɗaya, kuma mai rarrabewa sai wanda ya riga ya san wajen inda amsar za ta faɗa.

Wani zai ce ai kakanninmu sun yi gini ba su san lissafi uku ba. Haka ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wajen shekarun 1830, bai riƙe kalkuleta ba. Ya dai san azarar giginya ba ta son a wuce mata kamar mita biyu ba matallafi, don haka ake jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya haɗu a sama. Statiks ne tsantsa, amma a hannu yake, an gaje shi daga uba zuwa ɗa, a kan ƙasa da azarar da aka daɗe ana gwadawa. Yaron yau kankare aka ba shi, ƙarfensa a ɓoye a ciki, da faɗin zauren da babu wani kakansa da ya taɓa rufawa. Abin da gado ya yi wa Babban Gwani, shi lissafi ne kawai zai yi masa. Lissafin ma ba baƙo ba ne a wurinmu yadda ake zato: Sabit bin Kurra ya yi rubutu a kan ma'auni mai sanda a Bagadaza tun ƙarni na 9, Al-Khazini kuma ya kammala littafinsa Mizanul Hikma wajen 1121, ƙarnoni kafin Simon Stevin a 1586 da Isaac Newton a 1687.

To amma masu kare kwas ɗin kada su yi saurin murna, domin mafi yawan laifin da ke sa ɗalibai su tsane shi yana wajen koyarwa ne. Ana tara ɗaruruwa a ɗakin lakca ɗaya, malami yana can gaba yana cika allo, na baya ko rubutun ba ya gani. A wasu makarantu an matse shi tare da ilimin motsi a zango guda, ana gudu kamar an biyo mutum. Ɗalibi ya koma ɗaki da handawut da tarin tambayoyin shekarun baya, ya haddace matakai. In tambayar bara ta dawo ya ci, in aka kwantar da hoton ta gefe ko aka sauya wurin igiya ɗaya ya ɓace. Littattafan da ake dogaro da su, na Hibbeler da na Beer da Johnston, masu kyau ne, amma a fuskar waya ake karanta su, kuma misalansu na wata duniya ne, alhali ga amalanke da baro da rumfar kasuwa da allon talla da iskar bazara ke kayarwa a ƙofar makaranta. Ga kuma raunin da aka taho da shi daga sakandare: yaron da ya ci lissafi a takarda, amma bai san wane gefen kusurwa uku zai ɗauka ba in ƙarfi ya zo a karkace.

Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. Paul Steif na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka da abokin aikinsa sun fitar da wata jarrabawar fahimta ta statiks a 2005, wadda kusan babu dogon lissafi a cikinta, don kama kura-kuran da ɗalibai suka fi yi: manta wani ƙarfi a zane, ko sa wanda ba na wurin ba, ko ruɗewa a kan wane abu ma aka keɓe. A 2014 kuma Scott Freeman da abokansa suka tattara bincike 225 a kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi, suka gano cewa inda lakca kawai ake yi kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda kuwa ake sa ɗalibai su yi aiki da kansu a aji abin ya sauko zuwa kusan 22. Ba a ajin Zariya ko Maiduguri aka auna ba, kuma ajin da ya cika maƙil yana da nasa matsalolin, amma bambancin ya isa a tsaya a duba.

Ra'ayinmu shi ne kada a taɓa matsayin statiks, amma a taɓa yadda ake koyar da shi da yadda ake jarraba shi, kuma a taɓa sosai. A bar masa zangonsa shi kaɗai, kada a goya masa ilimin motsi. A nan kuma mu ba masu ƙorafi haƙƙinsu: dogayen lissafin rufi mai sanduna barkatai, da ake cinye awa guda ana danna kalkuleta, a miƙa wa kwamfuta, ba wani ilimi a cikin wahalar. Lokacin da aka samu a mayar da shi kan zane. Rabin makin kowace tambaya ya tafi ga zanen da aka keɓe abu aka sa masa kibiyoyinsa daidai, kuma ɗalibin da ya kawo amsar ƙarshe ba zane kada a ba shi cikakken maki ko da lambarsa ta dace. A shigo da manhaja tun a wannan kwas, da sharaɗi ɗaya: sai ɗalibi ya rubuta ƙiyasinsa da hannu kafin ya kunna na'ura, in sun saɓa ya nemo wanda ya yi kuskure. Haka ma wayar aljihunsa, ba a iya hana shi, amma a koya masa ya fara warwarewa sannan ya tambaya.

Kayan gwaji kuma ba sai an jira kwangilar TETFund ba. Sikelin rataye guda biyu irin na masu sayar da kaji, da katako mai inci biyu da huɗu, da bulo, da igiya, sun isa ɗalibi ya matsar da nauyi da hannunsa ya ga allurar sikeli ɗaya ta hau ɗayar ta sauka. Gani ya kori ji. A raba aji ƙanana-ƙanana sau ɗaya a mako, 'yan aji biyar da masu digiri na biyu su jagoranta, a ba su ɗan alawus. In mai jagorantar ya ga yaro ya maƙale kuma harshensu ɗaya, ya warware masa da Hausa ko da duk harshen da zai shiga kansa, ba abin kunya ba ne. Da Turanci za a rubuta jarrabawa, amma fahimta ba ta zaɓen harshe, sai dai a kula kada a bar wanda ba ya jin harshen a gefe.

Saura masu sa ido. COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya tun 1970, da NBTE da ke Kaduna mai kula da kwalejojin fasaha, da ita kanta NUC, duk suna aika tawaga tantance kwasa-kwasai, kuma kowa ya san yadda ake share harabar sashe a jera injuna in an ji suna tafe. Muna ba su shawara su ƙara abu ɗaya a ziyarar. Su ɗauko takardun jarrabawar statiks na shekara biyu su ga ko tambayoyin maimaici ne, sannan su zaɓi 'yan aji uku da ka, ba waɗanda shugaban sashe ya gabatar ba, su ba kowa farar takarda da hoton wani abu da bai taɓa gani a handawut ba, su ce ya keɓe shi ya zana ƙarfin da ke kansa. Sashen da yawancin ɗalibansa suka kasa, a ba shi amincewar wucin gadi da wa'adin gyara, a dawo a sake gwadawa.